Kafin Ku Sayar da Sulen Kaka

Iyaye, ku duba cikin adakar tsofaffinku, wataƙila akwai sulen azurfa ƙulle a tsumma.

A shekarar 1913 ne aka soma buga wa ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma kuɗinsu na azurfa, wato toro da sisi da sule da fataka, masu kan Sarki Joji na Biyar. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka koma ga tagulla a 1920. Gwamnati ta janye na azurfa, maƙeran fari kuma suka narkar da wasu suka yi awarwaro da zobba. Shi ya sa suka yi wuya yau. Liyari mai 1780 kuwa ba haka yake ba, gama an yi ta buga shi da wannan shekara har zamaninmu.

Tun da harin 'yan bindiga ya tsananta a ƙasar Batsari da Safana a 2019, iyalai da yawa sun sayar da kayan gado don su ci abinci. Ba laifi ba ne. Amma mai sayen azurfa nauyi yake aunawa, ba ruwansa da shekara.

Saboda haka ku sa yaro ɗan makaranta ya karanta shekarar. Kada ku goge da toka ko lemun tsami, gogewa tana rage daraja. Ku ji tayin mutum biyu ko uku tukuna. Sulen da ya shiga wuta ba ya komowa.