LAFIYA UWAR JIKI: Bayan An Cire Babban Hanji

Akwai gyambon hanji wanda in ya ƙi magani sai likita ya cire babban hanji duka. Sa'an nan ya ninka ƙarshen ƙaramin hanji, ya ɗinka shi kamar 'yar jaka a cikin ciki, ya haɗa da dubura. Likita Parks da Likita Nicholls na Ingila suka bayyana wannan aiki a 1978.

In an yi wa naku, kada ku zaci aikin ya ɓaci don yana yawan zagayawa. Sau 4 zuwa 8 a yini daidai ne, har da tashin dare. Da fari yakan fi haka, amma jakar tana buɗewa a hankali cikin shekarar farko.

Babban hanji ne mai tsotse ruwa da gishiri. Tun da babu shi, sai ya riƙa shan ruwa da yawa, balle da bazara. Shinkafa da ayaba sukan ɗaure ciki, barkono kuwa yakan sa raɗaɗi. In kun ga zazzaɓi, ko jini, ko zawo ya ƙaru, watakila jakar ta kumbura. Ku kai shi asibiti, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe.

Ku mutanen gida, ku yi haƙuri da shi, kada ku kunyata shi. Yawancinsu suna komawa aikinsu.