Raddi ga masu cewa laƙabin sarakuna ƙagen 'yan baya ne

Akwai ra'ayin da wasu 'yan boko ke yaɗawa, wai laƙabin sarki ba tarihi ba ne, 'yan baya ne suka liƙa masa, don haka a cire shi daga littattafan makaranta. Daga Ingila suka ɗauko hujjarsu.

Sun ce Sarki Etelred ya mutu a 1016, amma laƙabin da ke zarginsa da muguwar shawara bai bayyana a rubuce ba sai bayan shekara fiye da 150. Gaskiya ne. Alfred ma, da ya rasu a 899, sai bayan ƙarnoni aka riƙa ce masa Mai Girma. To amma Edmund, ɗan Etelred ɗin, laƙabinsa na jarumtaka yana cikin kundin tarihin ƙasar a labarin shekarar 1057, lokacin da akwai sauran waɗanda suka ga yaƙinsa da abokin gabarsa Kanut. Ko a can ba a yi kuɗin goro ba.

Sannan sun ce haka abin yake a ko'ina. Suleja kaɗai ta isa amsa. Bayan an kashe Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, a yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa. A 1828 ya kafa garinsa, aka ce da garin Abuja, shi kuwa yana kan gado har 1851. Waɗanne 'yan baya ke nan? Laƙabin nan shi babban birnin Nijeriya ke amsawa yau, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Sun kuma ce kiran sarki da laƙabi rashin ladabi ne. A wurin Bahaushe kama sunan yanka na babba gatsau shi ne rashin ladabi. Ga amfani kuma: wanda ya gaji Abu Ja shi ma Abubakar ne, Abu Kwaka, Dogon Sarki. Da me ɗalibi zai bambanta su?

Abin da ya fi damuna shi ne Ibrahim Iyalai, wanda ya yi sarauta daga 1877 zuwa 1902, ake masa kirari da Dodon Gwari. A fada yabo ne, a ƙauyukan Gwari, wato Gbagyi, kuwa tunin hare-hare ne da bayin da aka kama. Wanda ya goge laƙabin ya goge shaidar abin da ya same su, alhali jikokinsu na zaune a aji ɗaya da 'ya'yan fada a makarantun Suleja.