Tsofaffin fage, masu horon ƴan kokowa

Kowace shekara idan kaka ta yi, an yanke hatsi an zuba a rumbu, sai ganga ta fara tashi da dare a ƙauyukan Yekuwa da sauran ƙasar Magariya har zuwa Dungas. Lokacin kokowa ke nan. Samari su ɗaura walki, makaɗa su shiga kirari, jama'a su kewaye fage. A kowane irin wannan taro akan samu wani dattijo zaune a gefe bisa buzu, ba a yi masa kiɗa, ba ya tada murya, amma duk ƙaton da za ya shiga karo sai ya fara durƙusawa gabansa. Shi ne ya koya musu. Waɗannan dattawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi labarin rasuwarsu ba ya wuce ƙauyen da aka yi jana'iza. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Rayuwar irin wannan mutum kusan duka a waje ya yi ta, ƙarƙashin rana da iska. Tun yana yaro wurin kiwon awaki ya fara, inda tsara ke gwada ƙarfi cikin rairayi babu alƙali. Da farin wata ya yi langa, wadda ke koya wa ƙafa ɗaya ɗaukar jiki duka. Da damina hauya da gayya suka gina masa ƙirji da damtse. Da rani ya taka sayyada zuwa kasuwanni da bukukuwa, wani lokaci yini guda cur, domin kawai an ce wani gari yana da ƙato wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa tsare ɗan kokowa ba: ana zuwa ƙasar Daura da Babura a kara, su ma su zo. Baƙon da ya kada ɗan gari, a gidan ɗan garin yake kwana, kuma zumunci da yawa, har da auratayya, daga nan suka samo tushe.

Idan shekaru suka fara nisa, iyali suka yi yawa, sai ya rataye walki. A nan aikinsa na biyu yake farawa, wanda ya fi na farko tsawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattijon fage yana duban yaro ɗan shekara goma ya gane ko ƙugunsa za ya yi ƙwari. Yakan nuna masa yadda ake kafa ƙafa, yadda ake tsare taɗiya, yadda ake jinkiri har abokin karo ya gaji ya buɗe kansa. Yakan hana shi taba da yawon dare, ya tsare shi ga fura da nono da barci kan lokaci. Abin da ya fi wuya cikin karatun shi ne faɗuwa: yadda mutum za ya sha kaye gaban budurwarsa da ƴan garinsu, ya tashi ya karkaɗe jiki, ya miƙa hannu, ya koma gida ba tare da riƙo a zuci ba. Wanda ya iya wannan, ko a kasuwa ko a ofis ba ya rasa amfaninsa.

Ladan wannan rayuwa a jiki ake ganinsa da kuma a gida. Ba abin mamaki ba ne a ga tsohon ɗan kokowa mai shekara 70 da ɗoriya yana tafiya gona a ƙasa, jikoki na biye da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka a gidaje da dama walkin kaka ne ake ciro wa jika ranar karonsa na farko. Akwai kuma wadda makaɗa ke mantawa, wato uwargida, wadda ta yi shekaru tana dakan fura, tana gasa targaɗe da ruwan zafi, tana riƙe da gida duk lokacin da maigida ya tafi neman suna. Sai dai jikin da ya sha jifa yana da bashi, kuma da tsufa yake biya: ciwon gwiwa, ciwon baya, kafaɗar da ta goce ba ta koma daidai ba. Ga shi babu fansho, babu takardar asibiti.

Tun shekarar 1975, zamanin shugaba Seyni Kountché, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobi, Nijar ta san darajar zakarunta. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Jihohi 8 ke aiko da ƙarti goma-goma, wanda ya yi sarki ya samu takobi da doki da miliyoyin kuɗi, manyan ƴan kasuwa kuma su yi ta gasar kyauta gaban talbijin. Wannan duka daidai ne. Amma kowane ɗaya daga cikin ƙartin nan 80 daga wani ƙaramin fage ya fito, kuma wani ne ya kama hannunsa ranar farko. Wannan mutum ba ya cikin lissafin kowa.

A wasu ƙasashe mai koyarwa yana da matsayinsa. A Faransa, lokacin da Émile Allais ya rasu a shekarar 2012 yana da shekara 100, jaridu sun cika da labarinsa. Ɗan mai gidan burodi ne a garin Megève cikin duwatsun Alpes, ya zama zakaran duniya a wasan zamiya bisa ƙanƙara, wanda ake kira ski, a Chamonix cikin 1937. Amma abin da aka fi tuna shi da shi, shi ne hanyar koyarwa da ya tsara aka rubuta ta, da ɗaliban da ya horar a Faransa da nahiyar Amurka. Saboda an rubuta, iliminsa bai bi shi kabari ba. Dattijon Yekuwa bai gaza shi sanin jikin ɗan Adam da sirrin tsayuwar ƙafa ba. Abin da ya rasa shi ne mai ɗaukar alƙalami.

Gyaran wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Attajirin da ke sa buhun shinkafa ko babur ga wanda ya yi kaye yana iya ware wani abu ga wanda ya horar da shi, a kira sunansa a fage jama'a su ji. Magajin gari yana iya zaunar da tsofaffin a sahun gaba ranar zaɓen ƴan kokowar gunduma, ya kuma tsare filin fage kada a yanka shi fuloti. Gidajen rediyon karkara suna iya ɗaukar muryarsu, malaman lakwal su tura ɗalibai su rubuta wa ya kara da wa, a wane gari, shekarar wane sarki. Ma'aikacin asibiti ɗan gari kuma ya san gidajen da ya kamata ya leƙa idan ya zo hutu.

Samari da yawa yanzu da an gama girbi sai cirani, fage na raguwa, masu sani na tafiya. Abin da za a yi wa tsoho, da ransa ya fi daɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na raye lafiya da zuri'a mai tuna alheri.