Wa zai koya wa malamin tarihi?

Makon jiya 'yar ƙanwata ta dawo gidanmu na Yakasai daga makaranta, ta ce malaminsu ya gaya musu Maguzawa mutanen da ne, tuni sun ƙare. Na tambaye ta ko ya ambaci Barbushe da Dutsen Dala. Ta ce ya ambata, a jimla guda.

Ban ɗora wa malamin laifi duka ba. Shi kansa ya yi karatu ne a shekarun da aka cire tarihi daga manhajar makarantun ƙasar nan. Da gwamnatin tarayya ta maido da darasin a 2022, malamai 3,700 aka ware don horarwa, wato ɗari a kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Jihar Maine ta Amurka ta sha wannan darasi. A 2001 ta kafa dokar koyar da tarihin Wabanaki, 'yan asalin yankin. Bayan shekara ashirin aka tarar makarantu da yawa ba su aiwatar ba, don ba a shirya malamai ba.

Maguzawa suna nan a ƙauyukan Kano da Katsina, suna noma, suna cin kasuwa da mu. Ina roƙon ma'aikatar ilimi ta tara malaman tarihi a dogon hutu mai zuwa, a zagaya da su Gidan Makama, su hau Dala, sannan a zaunar da su gaban dattawan Maguzawa su ji labarin daga bakin masu shi.