Kwabban da masu ƙirga ka turewa gefe

Yau maganata kan kwabbai ce, waɗanda masu ƙirga ka turewa gefen tabarma in an buɗe akwatin asusu. Kowane gungu yana da su. Wasu na ɗaure su cikin tsumma har ranar rabo, wasu na bai wa yara su yi wasa.

Can Amurka akwai injin ƙirgar kwabbai cikin manyan kantuna, irin na Coinstar. Ka zuba mishi tsabarka, ya ƙirga, wanda bai gane ba ya tofo shi cikin wani ɗan kwano. Akwai mutanen da ke bin kwanonin nan suna dubawa, don kwabban Amurka na santi 10 da santi 25 da anka buga kafin 1965 azurfa ce kashi 90 cikin ɗari, kuma injin ba ya amsarsu. Mu nan Kalfu ba mu da inji, hannun masu ƙirga biyu shi ne injinmu. Amma abin da sunka ture ya cancanci a sake dubawa.

Mafi yawansu kuɗi ne masu kyau da anka ƙi ba gaira ba dalili. Dala hamsin ɗin nan mai launi biyu, 250 F, tun 1992 take yawo, kuma bankin BCEAO ya sha faɗa cewa ba a soke ta ba. Haka dala ashirin da ta yi sulɓi don tsufa. In mai tebur ya ƙi, kar ma'ajiya ta rubuta ta cikin asara. A tara su wuri guda, wadda za ta Tawa ta kai banki.

Akwai kuma baƙi, waɗanda mazanmu da ɗiyanmu ka dawowa da su cikin aljihu daga bida. Na Abijan da Lome da Kwatano namu ne, ƙasashe takwas kuɗinmu ɗaya. Na Kamaru da Cadi kuwa sefa ce ita ma, darajarta ɗaya da tamu, amma bankinta daban, ba ta ci nan. Ku duba rubutun: namu "Afrique de l'Ouest", nasu "Afrique Centrale". Wadda ba ta yi karatu ba ta dubi hoto. Tsoffin nasu kawunan dabba ukku garesu jere, namu kuwa akwai tambarin nan mai kama da kifi mai dogon baki. In irin wannan ya shigo cikin zubi, a maida wa mai shi nan take, gaban kowa, kafin a rufe akwati. In an bari sai ranar rabo, ba wadda za ta ce nata ne, kuma nan ne faɗa ka tashi.

Wanda na fi so mu tsaya kanshi shi ne na azurfa. Shi ba safai yake faɗawa asusu ba, cikin adudun tsoffi yake, ko rataye ga tsohuwar sarƙa. Babban kwabo ne mai nauyi, gefe ɗaya hoton mace mai ƙiba, ɗayan gefen tsuntsu mai kai biyu. Matar sarauniya ce ta ƙasar Otirish, Mariya Tereza, ta rasu 1780. Fatake sunka ƙetaro hamada da shi, sunanshi "talar", kuma ana cewa daga nan munka samu kalmar dala da muke kiran 5 F. Maƙera sun narke da yawa sun yi zobba da mundaye da sarƙoƙi irin na Agadas da na Tawa.

To ga inda ake ruɗin mutane. Kusan duk wanda kika gani, 1780 ne rubuce kanshi, don bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi da shekarar nan ba a sake ba, har a Faransa da Ingila da Italiya. Ke nan shekarar ba ta nuna tsufa. In wani ya ce miki ki ba da kuɗin mota ya kai shi Yamai a saya miliyan, ki riƙe abinki. In wani kuma ya ce tsohon ƙarfe ne, ga jikka guda ki sha goro, shi ma ki riƙe abinki. Na gaskiya nauyinshi giram 28 ne, azurfar da ke ciki wajen giram 23. Ki tahi wurin maƙeran azurfa biyu da ba su san juna ba, a aza bisa sikeli gabanki, ki tambayi kuɗin giram na ranar, ki yi lissafi. Ki kai mayen ƙarfe kusa da shi: in ya manne, ba azurfa ba ce. In bai manne ba, sai an ƙara da awo, don tagulla ma ba ta mannewa.

Kar kuma a goge shi da toka ko lemun tsami wai ya yi haske. Masu tara tsoffin kuɗi sun fi son shi da duhunshi. Haka ƴan kwabban zamanin Nasara masu kan barewa, na 1948 da 1956, da anini mai huda na Najeriya. Waɗannan ba su da tsada sosai, ni dai da a sayar da su arha gara a aje wa jikoki su ga abin da kakanni sunka ci kasuwa da shi.

Shawarata ga shugabannin gungu: mako mai zuwa a kawo ƙullin kwabban nan a baje, a ware, sakatariya ta rubuta adadin kowane iri cikin littafi. A kuma yanke tun yanzu, da bakin kowa, cewa abin da anka samu cikin akwati ba a san mai shi ba na gungu ne, kuɗinshi ya shiga asusun taimako.