Gyaran Gida: A Dubi Bango Kafin A Sayi Siminti

Da zarar damina ta ɗauke, amfanin gona ya shigo gida, a kan ga magidanta a birane da ƙauyuka sun shiga haramar gyaran gidajensu. Wannan himma abar yabo ce. Sai dai abin da ke damun masu lura shi ne yadda kalmar gyara ta koma tana nufin abu ɗaya tak ga mutane da yawa, watau a yaɓa siminti, a buga kwano, a shafa fenti, ko gidan ya dace da su ko bai dace ba.

Wannan ɗabi'a ta samu gindin zama ne tun zamanin da kuɗin man fetur ya cika Nijeriya. A shekarar 1975 sai da ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas wata da watanni. Daga wannan lokaci siminti ya zama alamar arziki, ginin ƙasa kuwa aka riƙa kallonsa a matsayin shaidar talauci.

Babu mai musun amfanin siminti a ginin bulo, domin can ne muhallinsa. Amma shafa shi a bangon tubali wani abu ne dabam. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi in rana ta buɗe. Idan aka lulluɓe shi da siminti, an toshe masa hanyar bushewa ke nan. Bugu da ƙari, ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna a zafi da sanyi, saboda haka ba a daɗewa shafen zai tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya shige, ƙasa ta riƙa jiƙewa a ɓoye alhali daga waje bango yana nan sumul. Maigida ba zai farga ba sai ranar da ɓangaren bango ya zube cikin ruwan Agusta, wataƙila da dare, iyali suna barci. Garin gyaran gira an rasa ido.

Maginan gargajiya sun san maganin wannan tun da daɗewa. Suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema. Duka biyun suna kare bango daga ruwa ba tare da sun hana shi bushewa ba. Gaskiya ne suna bukatar sabuntawa lokaci lokaci, amma lalacewarsu a fili take, ido yana ganinta kafin ta zama haɗari. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne na abin da ƙasa da azara za su iya ɗauka. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama na ƙasa ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, tsohon birnin Agadas kuma ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Haka batun rufi yake. Soron ƙasa yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Kwano kuwa, a watan Afrilu da zafi kan haura awo 40 a Sakkwato da Maiduguri, yana mai da ɗaki kamar tanda muddin ba a yi masa silin da kafofin shan iska ba. Wanda ya zaɓi kwano, to ya sayi mai kauri, ya tabbata an ɗaure shi da kyau, an kuma sa wa katakon maganin gara, domin iskar farkon damina ba ta barin aikin ganganci. Araha ba ta ado. Wanda kuma ya tarar da tsohon silin na asbestos a gidansa, kada ya bari a farfasa shi ko a yanka shi a bushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar shaƙar ƙurarsa tana jawo ciwon daji.

A wajen ƙawata gida ma akwai abin dubawa. Tayil mai santsi yana da kyan gani a falo, amma a banɗaki da tsakar gida, inda ruwa ba ya yankewa, tarko ne ga tsofaffi da yara da mata masu ciki. Fentin mai a kan bango mai danshi ɓarewa zai yi cikin ɗan lokaci, alhali farar ƙasa ta fi shi sauƙin kuɗi, ta kuma fi dacewa da irin wannan bango.

Saboda haka ya kamata maigida ya tsara kuɗinsa bisa muhimmanci. A fara da rufi da indararo, sa'an nan gindin bango da hanyar da ruwa zai bi ya fita daga gida, sai wayoyin lantarki. Abin da ya rage shi ne na ado. Ya kuma kira maginin da ya san irin ginin ya duba tukuna, kafin a nufi kasuwa.

Ƙananan hukumomi da makarantun koyon sana'a su ma suna da nasu nauyin. Dattawan da suka iya haɗa laso da ɗora azara suna ƙarewa, kuma kaɗan ne daga cikin matasa ke gadonsu. Ya kamata a haɗa kai da sarakunan magina a koyar da wannan sana'a tare da aikin bulo da siminti, yadda talakan da ke zaune a gidan ƙasa zai sami wanda zai gyara masa shi bisa ƙa'ida, ba wanda zai lulluɓe masa ɓarna da fenti ba.