Mawadaci a Gida, Mabukaci a Hanya

A watan Agusta na shekarar 1914, sa'ad da Babban Yaƙi na farko ya ɓarke a Turai, dubban Amurkawa suna can baƙunci, cikinsu da mata masu yawa, malaman makaranta da ɗalibai da masu goyo. Guzurinsu takardun banki ne. Dare ɗaya takarda ta daina ci, jiragen ƙasa suka koma jigilar soja. Mace mai dukiya a garinsu ta wayi gari ba ta da kuɗin masauki.

A birnin Landan, Herbert Hoover, wanda ya zama shugaban Amurka a 1929, ya shugabanci jama'ar taimako. Matarsa Lou ta riƙe sashen mata, tana nema musu masauki da tufa da rance da gurbi a jirgin ruwa. Kimanin mutum 120,000 aka mayar gida.

Mai cewa mawadata ba su cancanci taimako ba, bai yi adalci ba. Malamai sun san matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin takwas ɗin da ake bai wa zakka, ko da mawadaci ne a garinsu, sai fa in ya sami mai ranta masa. Rancen nan shi aka yi a Landan bisa amana, kuma kusan duka an biya.

To, falke ya kiyaye: kada ya dogara ga takarda kaɗai. Ya riƙi amana, ya san mutanensa a kowane zango.